Shugaban makaranta tsakanin alƙaluman jarrabawa da amanar yara: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawo a bakin daraktoci, wato shugabannin makarantu, da malamai da iyayen yara a jihar Maradi ta Nijar, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, lokacin da kowa ya zuba wa sakamakon jarrabawa ido. Wasu amsoshin ba za su yi wa darakta daɗi ba, wasu kuma iyaye ne za su ji zafinsu.

Wane matsi ne ake ta magana a kansa? Ai tun da can ana jarrabawa.

Ana yi. Abin da ya canza shi ne yawan masu miƙo hannu suna neman lissafi. Daga 2003, da aka shiga shirin ilimi na shekara goma, wato PDDE, babban burin hukuma shi ne a cika azuzuwa, kuma an cika su. An buɗe makarantu a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba, aka ɗebi malaman kwantiragi dubbai. A lokacin, tambayar da ake yi wa darakta ita ce: yara nawa ka rubuta, mata nawa ne a ciki? Sai binciken PASEC na 2014, mai auna karatun ɗaliban firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa a Nijar fiye da yara 9 cikin 10 na ajin CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, ba su kai matakin da ake buƙata a karatu da lissafi ba, ƙasar ta zo ta ƙarshe cikin ƙasashe 10 da aka auna. Na 2019 ya nuna an ɗan motsa, amma mafi yawan yaran suna ƙasa da layi har a lokacin. A 2021 kuwa, kusan ɗaya cikin biyar ne kawai ya ci BEPC, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, a faɗin ƙasa. Tambaya ta koma: nawa suka ci?

Da aka maido da jarrabawar CFEPD ta kammala firamare a 2024, bayan ta yi kusan shekara goma a ajiye, daraktan firamare ma ya shiga sahu. Yanzu sufeto yana jiran alƙalumansa, ofishin ilimi na jiha yana jira, kwamitin COGES mai kula da tafiyar da makaranta yana jira, ƙungiyar da ta gina aji ko ta kawo abincin kantin, wato ciyar da ɗalibai a makaranta, tana son rahoto. Ga kuma WhatsApp: kafin darakta ya iso gida daga wurin da aka kira sakamako, an riga an jera makarantarsa da ta maƙwabta ana kwatantawa.

To, neman sakamako laifi ne?

Ko kaɗan. Uban da ya hana ɗansa zuwa gona ko kasuwa shekara shida yana da haƙƙin ya tambaya me yaron ya samu. Makarantar da ba wanda ke tambayarta komai ita ce take lalacewa da wuri. Matsalar tana farawa ne a ranar da lamba ɗaya tak, kason waɗanda suka ci, ta zama ita ce ma'aunin darakta, domin hanyoyin ɗaga wannan lamba suna da yawa, kuma mafi sauƙinsu ba su bi ta koyarwa ba.

Ta yaya ake ɗaga lamba ba tare da an ɗaga karatu ba?

Hanyar da ta fi kowace wayo ita ce tace yara kafin a miƙa sunaye. Mu ƙaddara ajin BEPC mai ɗalibai 60, waɗanda 24 daga cikinsu za su iya ci. Idan duka suka zauna, makaranta ta samu kashi 40 cikin 100. Idan a watan Janairu aka kira raunana 20 aka ce wasu su maimaita aji, wasu su je su rubuta a matsayin kandida libir, wato da sunan kansu ba da sunan makaranta ba, sai 24 ɗin nan su zama cikin 40, kaso ya tashi zuwa 60. Ba yaro ko ɗaya da ya ƙaru da harafi. An dai kawar da 20 daga idon mai ƙirgawa, kuma su ne suka fi kowa buƙatar malami. An fi jin wannan a makarantun kuɗi, inda kason ke zama talla a rediyo da jikin bango, amma na gwamnati ma suna da tasu dabarar ta hanyar maimaita aji da kora.

Akwai hadisin da Muslim ya ruwaito: Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannu cikin tarin sai ya ji danshi a ƙasa. Da mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Daraktan da ya jera haziƙai a sama ya tura raunana ƙasa, abin da ya yi ke nan.

Hanya ta biyu ba ta yi kama da zamba ba, shi ya sa ta fi yaɗuwa. Ana ɗaukar malamin da ya fi kowa ƙwarewa a ajiye shi a CM2 shekara da shekaru, a bar ajin CI, wato ajin farko, inda yara ke cunkushe wasu a kan tabarma wasu a ƙasa, ga sabon da aka turo jiya. A takarda wannan hikima ce. A aikace, yaron da bai kama haruffa a CI da CP, azuzuwa biyu na farko, ba, zai iso CM2 yana kwafar abin da ke kan allo ba tare da ya iya karanta shi ba, sai a kwashe wata takwas ana ɗura masa amsoshin tsofaffin jarrabawa. Ni a ganina daraktan da ya san aikinsa a ƙananan azuzuwa yake sa gwaninsa, ko da kuwa amfanin ba zai fito ba sai bayan shekara biyar, wataƙila ma an riga an canza masa wurin aiki, wani ya zo ya ci yabon.

Sauran an san su: ƙara maki a jarrabawar aji don kowa ya haye, barin darasin da ba ya da nauyi a jarrabawa, da barin sunan yaron da ya daɗe da tafiya cikin rajista saboda kada rabon kantin ko na littattafai ya ragu.

Idan na sama da ni ne ya nuna yana son lamba mai kyau fa?

Da wuya a ce maka ka yi ƙarya ƙarara. Abin da za ka ji shi ne: "Malam Darakta, bara kun ba mu kunya, bana a yi ƙoƙari." Kai ne za ka fassara ƙoƙarin. Abin da ke ceton darakta a nan shi ne ya riga kowa kawo lissafi. A makon farko na shiga, a gwada kowane yaro shi kaɗai: ya karanta layi biyar, ya yi tarawa da ɗebewa. A rubuta sakamakon aji-aji, a kai wa mai ba malamai shawara da sufeto tun a Oktoba ko Nuwamba, a karanta shi a gaban taron iyaye. Wanda ya zo a Nuwamba ya ce, "Ranka shi daɗe, cikin ƴan CM2 ɗina rabi ba su haɗa baƙi, ga sunayensu, ga abin da muka shirya, ga abin da muke nema," ba a iya tsare shi a Yuli a ce ya ɓoye wani abu. Wanda ya yi shiru har sakamako ya fito, duk bayanin da ya kawo uzuri za a ɗauke shi.

A kuma tuna sufeton ma akwai wanda ke jiran nasa rahoton. Yawancinsu sun riƙe alli kafin su hau kujera, sun san abin da aji mai cunkoso yake. Tarukan CAPED, inda malaman makarantu maƙwabta ke haɗuwa su duba aikin juna, wuri ne da daraktoci za su iya daidaita baki a kan cewa ba wanda zai tace yara. Idan mutum ɗaya ya ƙi, shi ne zai zo na ƙarshe a jeri. Idan goma suka ƙi tare, jerin ya koma gaskiya.

Malami ɗan kwantiragi ya yi kwanaki bai zo ba saboda ba a biya shi ba. In rubuta shi ko in rufa masa asiri?

Wannan tana cikin masu wuya. Mafi yawan masu riƙe da alli a firamaren ƙasar nan ƴan kwantiragi ne, kuɗinsu kaɗan ne, yakan kuma makara. Wanda ke aiki a wani ƙauyen Dakoro ko Mayahi sai ya yi tafiya zuwa gari kafin ya karɓa, wani lokaci ya tarar ba a zuba ba. Tun gwajin da aka yi musu a Yulin 2017, wanda ƙungiyoyin malamai suka yi adawa da shi, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka samu matsakaicin maki, da yawansu suna kallon duk wata takarda da aka sa sunansu a matsayin hanyar raba su da abincinsu.

Duk da haka rajistar zuwa aiki ba wurin yin alheri ba ce. Idan bai zo ba, a rubuta bai zo ba, a kuma rubuta dalilin a gefe da hannun darakta. Alherin yana wani wuri: darakta ya shiga ajin da kansa ko ya raba yaran, ya tsara yadda malamai za su riƙa zuwa karɓar kuɗi bi da bi kada makaranta ta watse rana guda, ya yi magana da maigari a sama wa baƙon malami ɗaki. Sannan a bambanta wanda rashin biya ya hana shi zuwa da wanda ya mayar da makaranta wurin sa hannu yana kasuwancinsa a gari. Rufa wa na biyun asiri cin amanar yara ne, kuma sauran malaman suna gani.

Darasin yamma na kuɗi halal ne?

Idan ƙari ne a kan abin da aka koyar da safe, kuma ba a hana ɗan talaka shiga ba, ba laifi. Idan malami yana taƙaita darasin safe don a biyo shi da yamma da kuɗi, ko tambayoyin jarrabawar aji suna fitowa daga darasin yamman, ya sayar da abin da aka riga aka biya shi a kansa. Darakta ne ya kamata ya tsayar da wannan, ko da malamin abokinsa ne.

Kuɗin COGES fa? Wa ke riƙewa?

Ma'aji ne ke riƙewa, ba darakta ba. Tsarin ya samu ƙarfi ne daga aikin da aka fara a Tahoua a 2004 da tallafin Japan, kafin a yaɗa shi ko'ina, kuma ginshiƙinsa biyu ne: a zaɓi ƴan kwamiti da ƙuri'a, a kuma karanta abin da aka tara da abin da aka kashe a bainar jama'a. Inda darakta ya naɗa surukinsa shugaba, ya sa kuɗin a aljihun rigarsa wai don sauƙi, ko bai ci ko dala ba ya riga ya zubar da yardar gari. Ranar da zai buƙaci iyaye su tsaya masa a gaban hukuma ba zai same su ba. Kuma kada a kori yaro daga aji saboda ubansa bai kawo gudummawa ba. A bi uban, a bar yaron ya zauna.

Za a cire ɗaliba a yi mata aure a tsakiyar shekara. Ina ruwan darakta?

Da ruwansa. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, a Maradi kuwa abin ya kusa 9 cikin 10. A Disambar 2017 gwamnati ta fitar da doka kan kariya da tallafa wa yarinya mai karatu, kuma a ƙarƙashinta aure ko ciki ba dalilin korar ɗaliba ba ne.

A nan ma alƙaluma suna jan darakta hagu da dama. Idan yarinyar haziƙa ce, zai yi ta zarya gidansu saboda tana cikin waɗanda za su ɗaga masa kaso. Idan mai rauni ce, sai ya ja layi a kan sunanta cikin natsuwa, har ya ji an rage masa kaya. Wanda ya lura da wannan bambanci a zuciyarsa ya gano inda matsin ya kai shi.

Yadda ake tunkarar maganar ma abin lura ne. Wanda ya shiga gidan mutum da takardar doka a hannu, a ƙofar gida za a sallame shi. Masu nasara sukan fara da ƙungiyar iyaye mata ta makaranta, domin su ne ke jin labarin tun kafin a kai goro. Daga nan a nemi maigari ko liman a tafi tare bayan la'asar, a zauna a zaure, a gaisa a tambayi gona. Sai darakta ya ce, "Alhaji, ba mun zo hana alheri ba ne. Wata huɗu ya rage ta zana jarrabawa. A ɗaga mana zuwa bayan nan, in ya so a sake zama." Sau da yawa uban zai ce, "Malam, in ta faɗi fa? Shekara nawa tana zuwa, ko wasiƙa ba ta karanta mini." Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma daraktan da makarantarsa ba ta koyar da komai ba shi da amsarta. Idan lallashi ya ƙi, sai a sanar da hukuma a rubuce, a kuma bar wa yarinyar gurbinta a aji.

Azuzuwan zana: a buɗe da wuri don cika lokaci, ko a jira?

Duk wanda ke Maradi a ranar 8 ga Nuwamban 2021 bai manta ba. Wuta ta kama azuzuwan zana a wata firamare cikin gari, yara ƙanana aƙalla 25 suka rasu, watanni bakwai bayan irin wannan gobara ta ci yara kusan 20 a Yamai. Bayan nan gwamnati ta hana sa yaran ajin raino a irin waɗannan azuzuwa, amma a lokacin hukuma da kanta ta ce akwai kusan 36,000 a ƙasar, kuma ba a rana ɗaya za a maye su da bulo ba.

Ajin zana yana cin shekarar karatu ta kai da ta gindi: ba a samun kara sai an yi girbi, kuma ruwan farko na Yuni yana tashinsa. Saboda haka darakta yana cikin gaggawa, yana so ya rubuta cewa an fara a kan lokaci. Gaggawar ba ta kai a jera rumfuna manne da juna da ƙofa ɗaya ƙarama ba. A bar tazara tsakaninsu, kowace ta samu mafita biyu, a nisanta masu tuya da masu shayi, a sa mafi ƙanƙantar yara a ginin bulo ko da hakan na nufin ƴan CM2 ne za su koma zana. Galibi akasin haka ake yi, saboda su ne ƴan jarrabawa. Idan wurin bai yi ba, darakta ya rubuta cewa bai yi ba, ya sa kwanan wata, ya ajiye kwafi.

A ƙauyukan bakin iyaka, inda tsoro ke hana zuwa, da wane ma'auni za a auna darakta?

Ba da na cikin gari ba. A sassan Madarounfa da Guidan Roumdji, inda ƴan bindiga ke satar mutane da dabbobi, kuma tun 2019 ake karɓar masu gudun hijira daga Zamfara, Sakkwato da Katsina, yaro kan shigo aji a tsakiyar shekara bai taɓa jin Faransanci ba. Karɓarsa zai sauke kason makaranta. A karɓe shi, a rubuta ranar da ya zo da inda ya fito, don mai duba lissafi ya gane abin da yake gani.

Iyaye sun haɗa kuɗi wai a kula da masu tsaron jarrabawa. In karɓa?

A'a, kuma kada ka zama ɗan aike. Ruwan sha da abinci ga baƙin da aka turo gari abu ne da aka saba, a yi shi a fili ta hannun kwamiti. Ambulan da ake miƙawa a ɓoye don a kau da kai cin hanci ne, komai sunan da aka sa masa. Hukumar yaƙi da cin hanci ta HALCIA, da aka kafa a 2011, a baya ta sha tura jami'anta cibiyoyin jarrabawar BEPC da ta BAC, wato ta kammala sakandare, saboda irin wannan da kuma amsoshin da ke yawo a waya. Ko ba a kama kowa ba, yaron da aka tura wa amsa ya ga wanda ya tura, kuma gobe idan wannan malamin ya tsaya yana masa wa'azin gaskiya, dariya zai yi a ciki.

A makarantar kuɗi mai makaranta ne ke biyana. Ina da ta cewa?

Kaɗan, amma akwai. Ka faɗa masa tun a Oktoba, ba a Janairu ba, cewa duk yaron da aka karɓi kuɗinsa da sunan makaranta zai zana. Idan yana son tacewa, ya tace a ƙofar shiga, ya gaya wa uba gaskiya kafin ya karɓi kuɗi. Karɓar kuɗin shekara uku sannan a ce wa yaro ya je ya nemi inda zai rubuta, wannan ba shi da kyau ta kowace fuska.

Mai gaskiya ba zai rasa kujerarsa ba kuwa?

Yana iya rasawa. Ana canza wa mutum wurin aiki zuwa nesa, ana tsallake shi a ƙarin girma, a makarantar kuɗi ana iya sallamarsa. Ba wanda zai yi maka alkawarin akasin haka. Abin da ke rage haɗarin shi ne takardu masu kwanan wata, kwamitin iyaye da aka zaɓa da gaske, ƙungiyar malamai, da abokan aikin da suka san ba ka taɓa sauke musu laifin da ba nasu ba. Daraktan da idan an yi masa faɗa a ofis yake dawowa ya huce a kan malamai, su kuma su huce a kan yara da bulala, ba zai samu mai tsaya masa ba. Wani ɓangare na aikin shi ne faɗan ya tsaya a kansa, abin da zai isa aji ya zama tsarin aiki kawai.

Ni uba ne. Me zan tambaya idan na je makaranta?

Kada ka tsaya ga kashi nawa suka ci. Ka tambaya yara nawa ne suka fara ajin a Oktoba, nawa aka miƙa sunayensu, sauran ina suke. Ka tambaya wa ke riƙe da CI, kuma shekara nawa ya yi yana koyarwa. Ka nemi sanin ranar taron COGES na gaba, ka je, ka saurari lissafin kuɗi. A gida kuma ka buɗe littafin yaron a shafin da bai haddace ba ka ce ya karanta. Idan kai ba ka yi boko ba, ka kira ɗan maƙwabci da ke kwaleji ya zauna kusa ya saurara, ya gaya maka ko abin da ke rubuce ne yaron ke faɗa. Idan ba shi ba ne, ka je wurin darakta tun a zangon farko, ka tambaye shi wace rana ake zama da yaran da ke baya, da kuma wa ke zama da su.